So Hana Ganin Laifi: Mai Biɗar Asalin Gidansu Ya Yi Hattara

Ɗan'uwa mai karatu, ga shi Allah ya nufa ka iya karatu da rubutu da harshenka. Da can, in kana son wasiƙa sai ka biɗi mai rubuta maka. Yanzu kai ke riƙe da bik. Cikin abubuwan da ya kamata ka fara sa wa takarda akwai tarihin gidanku: su wane ne kakanninka, daga ina suka taso, mi ya kawo su garin da kake zaune. Aikin na gaggawa ne, don tsofaffin da suka san labarin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Amma aikin yana da tarko. Tarkon kuwa yana cikin zuciyarka. Duk wanda ya tashi biɗar asalinsa, tun bai fita gida ba ya san amsar da yake so ya ji. In aka ba shi labari biyu, ɗaya ya ce kakansa ɗan sarki ne, ɗaya ya ce maharbi ne da yunwa ta koro, hannunsa zai yi saurin rubuta na fari. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Wannan ciwo ba na talaka kaɗai ba ne. Ya taɓa fada, ya taɓa malamai, ya taɓa Nasaran da suka rubuta tarihinmu. Bari mu duba tarihin ƙasar Hausa, ka ga inda aka yi tuntuɓe, don ka san inda za ka sa ƙafa.

Bawo ɗan wane ne?

Ka san labarin Bayajida. An ce ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya zo Barno, ya wuce Gaya inda maƙera suka ƙera mishi wuƙa, ya iso Daura da dare. Ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, suka haifi Bawo. Ɗiyan Bawo shida da ɗan'uwansu na Biram su ne suka kafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Haka ake ba da labarin a Daura, kuma rijiyar tana nan.

To, ji wani labarin. A shekarar 1812 Muhammadu Bello ɗan Shehu Usumanu ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri. Shi ma ya kawo zancen Bawo, yadda aka ba shi labari. A cikin littafin nan Bawo ba jikan sarkin Bagadaza ba ne, bawan sarkin Barno ne. Gobirawa kaɗai aka ware, aka ce su asalinsu Kibɗawan Misira ne.

Ka gani? Mutum guda, asali biyu. A bakin gidan sarautar Daura jinin sarauta ne. A labarin da ke ɗaukaka Barno, wadda ƙasashen Hausa suka taɓa kai wa gaisuwa, bawa ne. Kuma an rubuta labari na biyu jim kaɗan bayan yaƙin da aka yi da sarakunan Hausa. Ba lalle ne wani ya zauna ya ƙaga ƙarya da gangan ba. Kowa ya karɓi labarin da ya dace da wurin da yake tsaye. Saboda haka, duk sa'ad da aka ba ka labari, ka tambayi kanka: wa ke faɗi, kuma mi zai samu in an yarda?

Kowa ya ce daga gabas

Ka lura da wani abu. Sarakunan Barno na gidan Saifawa sun ce kakansu Saifu ɗan Zi Yazan ne na ƙasar Yaman. Gobirawa sun ce daga gabas suka fito kafin su zauna Azbin, su sauko Birnin Lalle, daga baya su gina Alƙalawa. Fulani da yawa suna kai asalinsu ga Uƙuba ɗan Nafi'u. Daura ta ce Bagadaza. In kowa daga gabas ya zo, wa ke zaune a nan kafin su iso?

Akwai mutane, kuma ƙasa ta ba da shaida. A Bura, yammacin ƙasarmu, an gano tsofaffin kaburbura a 1975. Da masanin nan Bube Gado ya haƙa wurin a 1983, an fiddo tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara dubu. A Tarmit an iske wuraren narka ƙarfe na tun kafin zuwan Musulunci. Harshe ma shaida ne. Masana harsuna sun gwada kalmomi, suka iske dangin Hausa na kusa su ne harsuna irin su Bolanci, Ngizimanci, Badanci da Angasanci, waɗanda duk maƙwabta ne a wannan yanki. Kalmomin Larabci da ke cikin Hausa aro ne, sun shigo tare da addini da fatauci.

Gaskiya ne baƙi sun zo daga gabas da arewa: malamai, fatake, alhazai, sharifai. Wasu gidaje jininsu ne. Amma dalilin da ya sa labarin gabas ya yi yawa a fili yake. Gabas ce alƙibla, can addini ya fito, can daraja take a idon Musulmi. In gida yana da kakanni takwas, bakwai manoman wurin, guda baƙon malami, sunan baƙon ne za a riƙe. Ba a yi ƙarya ba, amma an zaɓa. Zaɓen nan shi ne ya fi ƙarya wuyar ganewa.

Wa Ɗan Kasawa ya iske?

Mu dawo kusa da gida. Jihadin Shehu Usumanu ya fara a 1804. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun Umaru Dallaji, gidan sarautar da ya fito. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Ɗan Kasawa, magajin sarautar Katsina, ya yi zaman hijira a Damagaram, sa'an nan wajen 1819 ya zauna Maraɗi. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasu. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri.

Wannan tarihi guda ne, amma bakuna ne da yawa ke ba da shi. A littattafan Sakkwato, mutanen Maraɗi da Tsibiri abokan gaba ne masu kai hari. A Maraɗi da Tsibiri kuwa, su ne mazan da suka ƙi miƙa wuya. Ko a Katsina kanta, gidan Dallazawa ya riƙe sarauta har 1906, sa'ad da Ingilishi suka naɗa Muhammadu Dikko na gidan Sulluɓawa. Gida uku ke nan, kowa da yadda yake kallon tarihin birni guda. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kai fa? In kana ƙasar Maraɗi, wataƙila ka taɓa jin an ce: "Kakanmu tare da Ɗan Kasawa ya zo." Yana yiwuwa haka ne. Amma Ɗan Kasawa bai iske fadamar Gulbi ba kowa ba. Ya iske Anna manoma da maharba, masu gonaki da gargajiyarsu, kuma da goyon bayansu ya samu wurin zama. Bayansa wasu sun zo gudun yaƙi, wasu gudun yunwa, wasu fatauci, wasu kuma kamo su aka yi wurin hari. Dukansu sun haihu, jikokinsu na nan. Sai dai zuwa tare da sarki ya fi daɗin faɗi. Saboda haka labarai iri-iri suka narke, suka koma guda.

Yi lissafi

Ga wata hanya mai sauƙi ta gwada labari, wadda ba ta bukatar komi sai ƙidaya. A ce an haife ka a 1970. A ce kowane uba yana da shekara 40 ya haifi ɗansa. To, an haifi ubanka a 1930, kakanka a 1890, kakan ubanka a 1850. In aka ce maka kakan ubanka ne ya yi yaƙi a bayan Ɗan Kasawa a 1819, lissafi bai fita ba, don a sa'an nan saura shekara 31 a haife shi. Zancen ba zai tsaya ba sai in su ukun nan duka sun haihu suna da shekara wajen 60. Abin yana yiwuwa, amma sai ka bincika.

In lissafi ya ƙi, kada ka yi saurin cewa tsoho ya yi maka ƙarya. Sau da yawa sunaye ne suka zube a tsakiya. Mutane suna riƙe sunan wanda ya kafa gida, suna riƙe sunayen na kusa da suka gani da ido. Na tsakiya, waɗanda ba su yi sarauta ba, ba su yi yaƙi ba, su ake mantawa. Sai a ɗauki jika a liƙa shi ga kaka na nesa kamar ɗan cikinsa. Maroƙi ma haka yake yi. Aikinsa yabo ne, ba ƙidaya ba. Wanda ya yi suna ko ya yi kyauta shi ke shiga kirari.

Sunayenmu ma suna da ruɗarwa. Ana sa wa yaro sunan kakansa, sa'an nan don kunya a riƙa ce mishi Abba ko Baba. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Mutum guda yana da sunan yanka, yana da laƙabi kamar Tanko, Nomau, Ɗanladi ko Anaruwa, wataƙila kuma yana da sunan sarauta. In ba ka kula ba, za ka rubuta mutum guda sau uku, ka ce kakanni uku ne. Ko kuma ka haɗa Abdu kaka da Abdu jika, ka mai da su mutum guda mai shekara 150. Duk sunan da aka ba ka, ka tambaya: sunan yanka ne ko laƙabi? Ɗan wace mata ne? A ina aka binne shi?

Takarda ma mutum ya rubuta ta

Sabon mai karatu yana da wani rauni: duk abin da ya gani a rubuce sai ya ɗauka yankakke ne. Yi hattara.

A littattafan lakwal za ka ga an ce Bagauda ya zama sarkin Kano na farko a shekarar 999. Ba wanda ya rubuta wannan lamba a zamanin Bagauda. Akwai wani littafin Larabci na tarihin Kano mai faɗin shekara nawa kowane sarki ya yi. Wani Baturen Ingila mai suna Palmer ya fassara shi a 1908, ya tara shekarun, ya ƙirga baya, ya faɗa kan 999. In an manta da sarki guda, ko an ƙara wa wani shekaru, lambar ta goce. Ƙiyasi ne, amma da yake an buga shi da lamba, sai ya yi kama da dutse.

A wajenmu, tsakanin 1906 da 1909 ayarin Tilho ya bi iyakar Nijar da Najeriya yana kafa alamu. Tafintan ayarin, Landeroin, ya tattara tarihin Gobir, Maraɗi, Damagaram, Adar da Ƙwanni, aka buga a 1911. Aikinsa yana da amfani ƙwarai, masana suna duba shi har yanzu. Amma mafi yawan labarin a fada ya same shi, bakin sarakuna da fadawa da malamai, a lokacin da Nasara ke yanka kantuna suna naɗa masu riƙe su. A irin wannan lokaci, wanda ya nuna kakansa ya taɓa sarauta yana da riba. Talaka da mace da bawa ba su cika samun wurin magana ba.

Dubi ma takardun gidanku. Mutane da yawa a ƙasarmu ba a rubuta haihuwarsu ranar da aka haife su ba. Daga baya aka je gaban hukuma da shaidu, aka dubi fuska, aka ƙiyasta. Shi ya sa ake rubuta kalmar Faransanci "vers", wato "wajen shekara kaza", ko a sa 1 ga Janairu. Wani an rage mishi shekaru don ya shiga lakwal, wani an ƙara mishi. Takarda shaida ce guda cikin shaidu. Ka ji ta bakinta, ka ji ta bakin wasu.

Waɗanda ake yin shiru a kansu

Akwai kakannin da ba a manta da su ba, ɓoye su ake yi. Na fari su ne mata. Muna ƙirga uba da uban uba, mu bar uwa da danginta, alhali rabin jininka daga can ya fito. Na biyu su ne kakannin da suka yi bori ko tsafi kafin gidan ya musulunta. Na uku su ne waɗanda aka kama a yaƙi. Ƙarni na 19 ƙarnin hari ne. Ana kama ɗan sarki, ana kama ɗan malami, ana kama yarinya a bakin rijiya. Faransa ta yi dokar hana cinikin bayi a ƙasashen da ta mallaka a nan Afirka ta yamma a 1905, kuma a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi mai hukunci. Amma gori bai mutu ba, har yana hana aure a wasu wurare.

In bincikenka ya kai ka nan, kada ka rufe kaye. Wadda aka raba da iyayenta tana ƙarama, ta rayu, ta yi daka, ta yi noma, ta reni ɗiya har aka same ka, ba abin kunya ba ce. Laifin yana ga wanda ya kama ta. Sai dai ka yi hankali da sirrin mutane. Asalin gidanku za ka rubuta, ba na maƙwabci ba. Kada karatunka ya zama sandar gori.

Yadda za ka yi aikin

1. Sami kaye guda na wannan aiki kaɗai. Duk labarin da ka rubuta, ka sa sunan wanda ya faɗa maka, garinsu, da ranar da kuka zauna. In kana da waya mai ɗaukar murya, ka nemi izini ka ɗauka.

2. Kada ka sa wa tsoho amsa a baki. In ka ce, "Baba, ashe ba daga Katsina muka zo ba?" zai ce maka i, don ya faranta maka rai. Ka ce, "Baba, daga ina mutanenmu suka taso?" Sa'an nan ka yi shiru ka saurara.

3. Kada ka tsaya ga labarin fari. Abin da kunne ya fara ji shi ke kafewa a zuciya, har ka riƙa auna sauran da shi. Tambayi mutum uku ko huɗu, kowa shi kaɗai, ba cikin taro ba. In biyu sun faɗi abu guda, ka bincika ko ba wurin mutum guda suka ji shi ba. Baki goma da suka sha a rijiya guda, shaida guda ce.

4. Je wurin tsofaffin mata. Gwaggo da inna sun san aure da saki da goyo, sun san wa ya sha nonon wa. Je kuma wurin wanzamin gidanku da maƙeri da liman.

5. Biɗi wanda zai musa maka. Je ɗakin da kuke ƴan uba da su, je garin da aka ce daga can kuka taso, ka ji ko sun san ku. Labarin da ya fi yi maka daɗi, shi za ka fi tsananta wa bincike.

6. Ɗaura labari ga abin da aka san shekararsa. Tsoho bai san lamba ba, amma ya san ko ubansa ya yi wayo lokacin wata yunwa. Ga wasu turaku:

- 1851 zuwa 1884: sarautar Tanimun ta biyu a Damagaram
- 1899: sojan Faransa sun yaƙi Sarauniya a Lugu, sun ƙone Birnin Ƙwanni, sun ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini
- 1913 zuwa 1914: yunwar Kakalaba
- 1916 zuwa 1917: yaƙin Kawusan a Agadas
- 1926: an ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai
- 1945: Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, aka hau tudu
- 1946: an soke aikin tilas
- 1960: samun mulkin kai
- 1973 zuwa 1974: babban fari
- 1984: yunwar El Buhari

7. Raba shafinka uku. Gefe guda ka sa abin da ya tabbata da shaidu dabam-dabam. Tsakiya ka sa abin da mutum guda ya faɗa. Gefe na uku ka sa abin da ake cewa amma lissafi ya ƙi shi. Kada ka yar da ko guda. Inda suna ya ɓace, ka bar wurin fili. Fili ya fi cikon ƙarya, don wani na iya zuwa bayanka ya cika shi da gaskiya.

Haka masanan ƙasarmu suka yi aiki, suna gwada bakin wannan da na wancan, suna haɗawa da takardu. Andire Salifu ya fiddo tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani ya fiddo na Adar a 1975. Abin da suka yi wa ƙasa, kai ma kana iya yi wa gidanku.

Ɗan'uwa, ka san dalilin wannan dogon gargaɗi? Maganar baki tana da sauƙin gyara. In tsoho ya yi kuskure yau, gobe wani tsoho zai gyara mishi. Amma abin da ka rubuta zai zauna bayan duk sun tafi. Wata rana jikanka zai fiddo kayen nan gaban sarki ko alƙali, ana shari'ar gona ko gado, ya ce, "Ga abin da kakana ya rubuta." In son zuciya ka rubuta, ka bar wa zuriya rigima, wataƙila ka sa an ƙwace haƙƙin wani. In gaskiya ka rubuta, ko da kakan naka maharbi ne mai baka da kwari, ka bar musu abin dogara.

Sayi goro, ɗauki kayenka, ka je gaida tsoho tun yana da ƙarfin magana. In ka dawo, karanta wa ƴan ajinku abin da ka samo, su ma su yi maka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu ikon rubuta gaskiya, ko da ba ita muka so ji ba.